Babi na 6: Yaushe Ake Yi wa Itacen Fure Aski?

"Me ya hana shi fure bana?" Duk shekara idan Afrilu ya kama, wannan ce tambayar da ke bakin masu lambu a Ingila da Jamus da Kanada da arewacin Amurka. 'Yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai su can, suka kama hayar gida mai ɗan fili a baya, su ma suna yin ta. Mutum zai leƙa ta kan shinge ya ga itacen maƙwabcinsa ya lulluɓe da fure tun daga ƙasa har sama, ya waiwayo ya dubi nasa. Iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya, amma ganye kawai ya fitar, sai ɗan fure jefi-jefi can cikin rassa. Abin takaicin ma, shi ya fi maƙwabcin wahala da itacen. Ya zuba taki, ya cire ciyawa, a watan Nuwamba har ya ari injin aske shinge ya daidaita shi tsaf.

To, askin Nuwamban nan shi ya jawo. Garin neman gira aka rasa ido.

Itatuwan da za mu yi magana a kansu gajeru ne. Ba su da doguwar ganga guda ɗaya irin ta dalbejiya, rassa ne da yawa ke tasowa daga gindi, tsayinsu bai cika wuce mita 2 zuwa 4 ba. Suna fure ne a bazarar ƙasashen sanyi, wato daga Maris zuwa Yuni, lokacin da hunturu ya saki gari, yini ya fara tsawo. Fosaitiya ce ke buɗe fage da furenta rawaya, tun kafin ta yi ganye. Lailak mai ƙamshi ya biyo baya a watan Mayu, sai waijila da dutziya, sannan filadelfus, mai farin fure da ƙamshi irin na furen lemo, ya rufe a Yuni. Azaliya da rododendiron da kameliya da magnoliya su ma 'yan wannan zango ne, sai dai halinsu daban, za mu zo kansu.

Furen bana, noman bara

Itacen da zai yi fure a watan Maris ba shi da lokacin da zai fara komai daga tushe. Ƙasa ba ta gama hucewa daga sanyi ba, shi kansa ko ganye bai da shi, balle ya haɗa abinci. Saboda haka tun bara yake gama shiri. Da zarar furensa ya zube, sai ya fitar da sababbin rassa, su yi tsawo cikin watannin zafi, sannan a jikinsu ya ƙulla idanun da za su zama furen baɗi. Kafin ganye ya kaɗe a Oktoba ko Nuwamba, furen nan yana nan a dunƙule cikin kowane ido, ƙanƙane, an naɗe shi da ɓawo, yana jiran lokaci. Reshen bara rumbu ne: abin da za a ci a bazara tun da kaka aka zuba shi. Wanda ya datse rassan da hunturu, rumbun ya ɗauka ya kai bola, komai kyan niyyarsa.

Wannan ba zance ne na masana kaɗai ba, ana ganin shaidarsa a fili. A jihar Minnesota ta Amurka da wasu sassan Kanada, inda sanyi kan kai maƙura, a wasu shekarun fosaitiya takan yi fure daga ƙasa zuwa wani tsayi, daga nan sama kuma babu ko ɗaya, kamar an ja layi. Layin nan shi ne inda dusar ƙanƙara ta tsaya. Idanun da ta binne ta kare su, waɗanda suka rage a waje iska mai sanyi ta kashe su. Da a ce itacen da bazara yake ƙirƙirar furensa, da wannan layi bai fito ba. Haka kuma a Jamus da Austiriya akwai tsohuwar al'ada ta yanko reshen ceri ranar 4 ga Disamba, a sa shi cikin ruwa a ɗaki mai ɗumi, ya buɗe fure wajen Kirsimeti. Reshen ba shi da saiwa, ba shi da ganye. Abin da ke cikinsa tun asali ne ɗumin ɗaki ya fito da shi. Kai ma za ka iya gwadawa da reshen fosaitiya a watan Fabrairu.

Akwai wani sharaɗi kuma. Idanun nan barci suke, kuma ba sa farkawa sai sun sha sanyi na makonni masu yawa. Wannan ne ke hana su ruɗuwa su buɗe don an samu kwana biyu na ɗumi a Nuwamba. Shi ya sa kuma duk wanda ya ɗauko lailak ya kai Kano ko Damagaram kada ya sa rai da fure, domin sanyin hunturunmu bai kai abin da yake nema ba. Asalinsa ɗan tsaunukan yankin Balkan ne. Ana danganta shigarsa yammacin Turai ga Ogier de Busbecq, jakadan sarkin Austiriya a fadar Sulaiman na Daular Usmaniyya, wanda ya kawo shi daga Istanbul a ƙarni na 16. Daga baya gidan Victor Lemoine da ke Nancy a Faransa suka fitar da ire-irensa fiye da 200, tun daga shekarun 1870.

Ba duka ke da wannan hali ba

Abin da ke rikita sabon mai lambu shi ne, zai ga maƙwabci yana sare wani itacen har kusa da ƙasa a watan Maris, kuma itacen ya zo ya cika da fure a Agusta. Sai ya ce ashe haka ake yi. Wancan itacen wani jinsi ne. Budliya, wadda malam-buɗe-littafi ke rububi, da fushiya mai jure sanyi, a kan reshen bana suke fure. Suna da dukan bazara da farkon zafi su yi reshe, su ƙulla ido, su buɗe, duk cikin shekara guda. Su kam sara a ƙarshen hunturu ƙarfi yake ƙara musu.

Haidiranjiya ce ta fi kowa jefa mutane cikin kuskure, don gidansu ya rabu biyu. Mai dunƙulallen fure shuɗi ko ruwan hoda, galibinta a reshen bara take yi. Mai farin fure da tsinin kai a reshen bana take yi. Suna ɗaya, lokacin aski daban.

Idan ka tarar da itace a gidan da ka shiga, ba ka san sunansa ba, kada ka taɓa shi shekarar farko. Zuba masa ido. In ya yi fure kafin tsakiyar Yuni, kuma furen a jikin reshe mai tauri mai duhun ɓawo yake, ɗan noman bara ne. In sai Yuli ko Agusta ya yi, a kan reshe ɗanye mai taushi, galibi ɗan bana ne. Da hunturu ma ana iya ganewa: idon fure ya fi idon ganye ƙiba da zagaye. A jikin lailak za ka gan su bibbiyu a ƙarshen reshe, ɓul-ɓul. A rododendiron kuwa ko daga nesa ana hango su a tsakiyar ganye.

Ranar da fure ya zube

Amsar tambayar da ke saman babin nan gajera ce: da zarar fure ya gama. Ba bayan wata biyu ba. Idan furen ya yi yaushi, ya fara zuba, ganye ya fara rufe shi, cikin mako biyu ko uku ya kamata a ce an gama aikin. Dalili kuwa, duk ranar da ka ƙara, rana ce ka rage wa sabon reshe cikin kwanakin da zai yi tsawo, ya ƙosa, ya ƙulla idon baɗi. Lailak musamman ba ya jira, 'yan makonni bayan fure ya fara shirin na gaba.

Kalanda ba ta da amfani sosai a nan. Fosaitiya a kudancin Ingila kan gama a Afrilu, a Sikotlan ta ɗan makara, filadelfus kuma sai Yuli ake kai masa almakashi. A Afirka ta Kudu da Ostireliya bazarar ma daga Satumba take farawa. Masu azaliya a kudancin Amurka suna da wata ƙa'ida da suke tuna wa juna, cewa kada a taɓa ta bayan 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin ƙasarsu. Ranar tana da sauƙin riƙewa ne kawai, itacen bai san da ita ba.

Aski a ƙarshen zafi ko da kaka asara biyu yake jawowa. Ga fure an zubar, ga shi kuma yankan yakan tunzura itacen ya fitar da sabon toho mai laushi wanda ba zai ƙosa ba kafin sanyi ya sauka, sanyin farko ya ƙone shi.

Abu guda da ake cirewa kowane lokaci shi ne mataccen reshe, ko wanda iska ta karya, ko mai cuta. Wannan ba ya jiran kowa.

Kafin ka sa hannu, leƙa cikin itacen tukuna. Lokacin askin nan ya faɗo daidai lokacin da tsuntsaye ke kwanci, daga Maris zuwa Agusta. A Birtaniya dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar tsuntsu da gangan muddin ana gina ta ko ana amfani da ita. Ko ba doka ma, in ka ga sheƙa da ƙwai, haƙura. Itacen da ya tsallake askin shekara ɗaya ba abin da zai same shi.

Daga gindi ake farawa

Lokaci rabin magana ne. Mutane da yawa sukan dace da lokacin, su ɓata aikin da irin yankan da suke yi. A ganina babu abin da ya cuci gajerun itatuwan fure kamar injin aske shinge. Yana da sauri, yana ba mutum jin cewa ya yi aiki, kuma a ranar wurin yakan yi kyan gani. Amma fosaitiya da waijila da filadelfus halittarsu ce su miƙe su ranƙwafo, furen ya jeru a tsawon reshen. In aka mayar da su dunƙule ko murabba'i, an raba su da abin da aka shuka su dominsa.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Idon da ke ƙarshen kowane reshe yana aika wani sinadari mai suna oksin zuwa ƙasa, wanda ke danne idanun da ke bayansa kada su tsiro. Kenneth Thimann da Folke Skoog ne suka nuna haka a 1933 a Kalifoniya: suka cire kan tsiron wake, idanun gefe suka farka, da suka shafa oksin a wurin yankan sai idanun suka ci gaba da barci. To, duk inda ka datse kan reshe, idanu biyu ko uku da ke daf da yankan za su tashi. Ka datse kawuna ɗari a tsayi ɗaya, ka samu ƙananan rassa ɗari biyu ko uku cunkushe a tsayin nan. Baɗi ka sake, su ninka. Cikin 'yan shekaru saman ya zama tabarma, haske ba ya ratsawa, ciki ya koma busassun ƙirare, ƙasan itacen ya zama tsirara.

Hanyar da ta dace ita ce ka durƙusa. Dubi gindin, ka ƙirga sandunan da suka taso daga ƙasa. Za ka ga tsofaffi, masu kauri da kaushin ɓawo, waɗanda furensu ya ragu ya koma can ƙarshe. Za ka ga kuma matasa, santala-santala. Zaɓi mafi tsufa ka yanke su ƙasa-ƙasa, kusa da gindi. Nawa? Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, wato RHS, tana ba da shawarar kada a wuce kashi ɗaya cikin biyar a shekara. Jami'an gona a Amurka sukan ce har kashi ɗaya cikin uku. Itace mai ƙarfin girma irin fosaitiya zai ɗauki na uku ba tare da ya ji ba, mai nawa kuma a bi shi da na biyar. Idan sanduna 10 ne, ka cire 2 ko 3.

Abin da wannan ke yi shi ne, haske ya sauka har gindi, ƙarfin saiwa ya karkata ga sababbin sanduna, su taso daga ƙasa. Waɗannan ne za su ɗauki fure mafi kyau a shekaru biyu ko uku masu zuwa. In kana yin haka kowace shekara, itacen ba zai taɓa zama tsoho gaba ɗaya ba, kuma tsayinsa zai tsaya inda kake so, tunda dogayen ne kake cirewa.

Bayan nan sai ka miƙe. Bi rassan da suka gama fure, ka gangaro da hannunka har inda ka ga sabon reshe mai ƙarfi ya ɓullo a gefe, ka yanke daf da samansa. Cire wanda ya juya yana shiga ciki, da ɗaya daga cikin duk biyun da ke gugar juna, da 'yan sirara marasa ƙwari. Kana yi kana ja da baya kana dubawa. Aikin da aka yi daidai, baƙo ba zai gane an taɓa itacen ba, zai dai ga ya sha iska.

Ƙaramin da aka dasa bara ko bara waccan ba ya bukatar komai daga cikin wannan. A bar shi ya kafu.

Inda ƙarfe ke sauka

Kayan aiki uku sun isa. Almakashin lambu na hannu don reshen da bai wuce kaurin yatsa ba, kuma a nemi mai baki biyu da ke wuce juna, domin mai sauka a kan faranti murƙushe ɗanyen reshe yake yi. Mai dogon hannu don wanda ya fi haka. Ƙaramin zarto mai lanƙwasa don tsofaffin sanduna. Adda ba ta da wuri a nan, tsaga take yi. Kowanne a wasa shi ya yi kaifi.

Yanka ya sauka kimanin milimita 5 a saman ido. In ya matsa ƙwarai idon zai bushe, in ya yi nisa guntun da ya rage zai mutu ya zama ƙofar ruɓa. Zaɓi idon da ke kallon waje, don can sabon reshen zai nufa, ka ɗan karkata yankan yadda ruwa zai gangara bayan idon. Fosaitiya da lailak da filadelfus idanunsu bibbiyu ne suna fuskantar juna, su a miƙe ake yanka su.

Reshe mai nauyi kuma, fara ɗan tsaga shi ta ƙasa kafin ka yanko ta sama, kada nauyinsa ya ɓare ɓawon ya gangara da shi. Inda reshe ya haɗu da uwarsa akwai wani ɗan kumburi kamar zobe. Kada ka shafe shi, ka yanka a wajensa, don daga nan itacen ke rufe ciwon.

Idan ka yanke reshe mai cuta, goge bakin almakashin da sifirit kafin ka matsa gaba. Dangin ceri da fulam na ado suna da nasu dalilin na son aski da zafi: akwai wata cutar fumfuna mai mayar da ganye ruwan azurfa, wadda ta fi shiga ta sabon yanka a lokacin sanyi da danshi.

Laƙanin Forsyth

Me za a shafa a wurin yankan? Wannan tambaya tana da tarihi, kuma tarihin ya ratsa ta kan mutumin da fosaitiya ta ci sunansa. William Forsyth ɗan Sikotlan ne, an haife shi a 1737, ya zama shugaban lambunan sarki a Kensington da St James's a 1784, yana kuma cikin mutum bakwai da suka zauna a Landan a 1804 suka kafa ƙungiyar da ta zama RHS. Ya shahara da wani haɗi da ya ce yana warkar da ciwon itace, har ya farfaɗo da wanda ya ruɓe: kashin shanu, tsohuwar farar ƙasa ta gini, toka da yashi. A lokacin Ingila na cikin damuwar katakon gina jiragen ruwan yaƙi, don haka gwamnati ta ba shi fam 1,500 ya bayyana sirrin. Tun yana raye wani masanin itatuwa, Thomas Andrew Knight, ya fito ya ce haɗin ba ya yin abin da ake faɗa.

Duk da haka al'adar shafe-shafe ta daɗe, daga kashin shanu aka koma kwalta da fenti. Sai a shekarun 1970 da 1980 Alex Shigo, na hukumar gandun dajin Amurka, wanda ya tsaga dubban itatuwa yana duba cikinsu, ya nuna cewa itace ba ya warkewa irin na fatar mutum. Katange wurin da ya ji ciwo yake yi daga ciki, ya gina sabon nama a kai. Shafin ba ya hana ruɓa, wani lokacin ma danshi yake riƙewa. Don haka ka yi yanka mai tsabta a inda ya dace, ka bar shi a buɗe. Abin da itacen zai amfana da shi a ƙasa yake: ruwa in gari ya bushe, da ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 5 zuwa 7 kewaye da gindi, ba tare da ya taɓa jikin sandunan ba.

Waɗanda ba sa son a dame su

Magnoliya da dafni da kameliya da rododendiron suna tsara kansu da kansu. Abin da suke bukata bai wuce cire matacce da wanda ya fita layi ba, shi ma bayan fure. Furen rododendiron da ya bushe da yatsa ake karye shi, a hankali, domin sabon toho na nan daf da ƙarƙashinsa. Lailak ma a shekarun ƙuruciyarsa haka ne: yanke busasshen kan furen zuwa ganye biyun farko, shi ke nan. Sai dai a lura da 'ya'yan da ke ɓullowa daga saiwarsa. In itacen aure aka yi masa a kan gindin wani iri, 'ya'yan nan na gindin ne, kuma in aka bar su za su ƙwace gidan.

Sitisus, mai siraran rassa kamar tsintsiya, yana da sharaɗi mai tsauri: ana rage koren reshensa bayan fure, amma in aka shiga tsohon itace mai launin ƙasa, ba ya sake toho daga nan. Masu 'ya'yan ado irin su firakanta kuwa, furen ne ke zama jajayen 'ya'yan da ake so da kaka, don haka duk furen da ka yanke 'ya'ya ka rage.

Tsohon da aka bari ya zama daji

Sau da yawa abin da mai haya ke tararwa ke nan: lailak ya kai tagar bene, furensa sai tsuntsu ke gani, ko fosaitiya ta sarƙe ta cinye hanya. Hanya biyu ce. Ta haƙuri: cire kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin sanduna bana, rabin sauran baɗi, ragowar a shekara ta uku. Kowace shekara akwai fure, kuma itacen bai sha duka lokaci guda ba. Ta gaggawa: sare shi duka a ƙarshen hunturu, a bar kututture kimanin santimita 30, ko sama da haka kaɗan ga lailak. A nan ne kaɗai ake karya dokar lokaci da gangan, don ana son saiwa ta zuba duk ƙarfinta cikin sabon toho daga farkon bazara. Kuɗin da za ka biya shi ne furen shekarar. Fosaitiya da waijila da filadelfus sukan dawo da wuri, lailak kan ɗauki shekara biyu ko uku. Toho zai fito da yawa fiye da kima, sai ka zaɓi masu ƙarfi ka cire sauran. Ni dai na fi karkata ga ta haƙuri, musamman ga itacen da ya tsufa ƙwarai, don ba kowanne ke tashi daga saran gaba ɗaya ba. In gidan haya ne kuma, a tambayi mai gida tukuna.

Ba kuma kowane rashin fure ne laifin almakashi ba. Lailak na son rana ta kusan awa 6 a yini, in babbar bishiya ta yi masa inuwa zai daina. Takin da ake watsa wa ciyawar fili yana da sinadarin naitirojin da yawa, wanda ke sa ganye ya yi yabanya fure ya ja baya. A karkarar Ingila wasu tsuntsaye kan tsattsage idanun fosaitiya da hunturu, a Amurka kuma barewa ce ke yi wa azaliya askin da ba a sa ta ba.

Mangwaron gida

Mai karatu da ke Zariya ko Maraɗi zai ce, to ni ina ruwana da lailak? Akwai itace a tsakar gidanka mai bin kusan wannan ƙa'ida. Mangwaro a ƙarshen reshen da ya ƙosa yake huda, kuma sanyi da bushewar hunturu ne ke taimaka masa ya fitar da ita. Wanda ya sassare shi a Nuwamba don ya rage inuwa, kawunan da za su yi huda ya zubar. Lokacinsa shi ne da zarar an gama tsinke 'ya'ya, yadda zai samu damina ya yi sabon toho, tohon ya ƙosa kafin iskar hunturu ta kaɗa. Bambancin kawai, shi 'ya'ya ake jira ya gama, su kuwa fure.

Yanzu ga tarin rassa a gabanka bayan aski, kuma kafin ka kwashe su zuwa kwandon shara, ware 'yan ɗanyun da suka fara tauri. Guntun reshen fosaitiya ko waijila mai tsawon santimita 10, in aka cire ganyen ƙasansa aka soka shi cikin ƙasa mai yashi da danshi, yakan yi saiwa cikin makonni. Fosaitiya ma ba ta jira a roƙe ta, duk inda kan reshenta ya taɓa ƙasa ya daɗe sai ya kama. Babi na gaba zai bi wannan hanya: wane reshe ake zaɓa, a wane wata, da yadda ake hana shi bushewa kafin saiwa ta fito.